Shekarar da Na Dasa Ciyawa

Wanda ya tare ni a filin jirgin Johannesburg ba shi ne mutumin da muka yi ta waya da shi ba. Wani siriri ne mai jar hula, riƙe da kwali an rubuta Sabi'u Tarai. Ya ce Oga yana gona, shi aka aiko. Ya ɗauki jakata da fara'a, ya kai ni wani tsohon bene a tsakiyar gari, ya nuna min katifa a ɗakin da ke cike da maza, ya karɓi ɗan abin da ya rage a hannuna da sunan za a yi min takardar aiki. Ya ce da safe mota za ta zo ta kai ni gonar lemo.

Da ya fita, wani ɗan Ghana da ke kwance kusa da taga ya ɗago kai ya dube ni.

"Kai ma gonar lemo?"

Na ce masa e. Ɗakin ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa wanda ya zame a inda kowa ya taɓa zamewa ce. Motar ba ta zo ba. Wayar Oga ta daina shiga, mai jar hula kuma ban sake sa shi a ido ba.

Ni ɗan lambu ne. A Tarai ta ƙasar Kibiya aka haife ni, na tashi da fartanya a hannu, tumatir da albasa da rani, dawa da gyaɗa da damina. Na ɗan taɓa karatun aikin gona, shi ya sa da aka ce ana neman masu irin wannan takarda a Afirka ta Kudu na ji kamar sunana ake kira. Yayana Sale ne ya kai bijiman huɗarmu kasuwa don in yi tafiyar, ya ce ai damina ɗaya ce, zai yi haya. Saboda haka duk ranar da zuciyata ta ce in koma gida, sai in hango Yaya Sale tsaye a bakin gona yana jiran a gama wa wani huɗa a zo masa. Komawa hannu rabbana ta fi ƙarfina.

Masallaci ne ya rufa min asiri. A unguwar Somaliyawa na samu wani mai kanti, Abdi, ya bar ni ina kwana a sitonsa, da rana ina sauke masa kaya. A watannin da ake shuka a gida, can sanyi ne mai shiga ƙashi. Bizata ta mutu a fasfo, na koyi gane motar 'yan sanda tun daga nesa. Mutane suna tsammanin tuwo ne abin da baƙo ya fi kewa. Ni gaisuwa na fi kewa. Ka wuni cikin dubban mutane, babu mai tambayarka ina gajiya, babu wanda ya san kana da uwa. Wani lokaci idan na ɗora buhu a kafaɗa sai in ce wa kaina sannu, in amsa da yauwa.

Idan na kira gida, Inna ce ke fara karɓar wayar.

"Sabi'u, na ji muryarka ta yi ƙasa. Kana dai cin abinci ko?"

"Ina ci, Inna."

"Ko lemon kake ta sha ka ƙi cin na kirki?"

"Har ya ishe ni, Inna."

Sai ta yi dariya ta sa min albarka, ni kuma in zauna a kan buhun shinkafa har a kira ni aiki.

Da aka fara fasa kantunan baƙi a unguwannin da ke kusa, Abdi ya rufe nasa ya koma wurin danginsa. Kafin ya tafi ya haɗa ni da wani direban babbar mota ɗan Malawi mai suna Yusufu, wanda ke ɗauko kayan gona daga arewacin ƙasar. Yusufu ya ce ya san wani tsoho da ke neman mai kula da lambun gidansa, kuma ba ya yawan tambaya. Muka wuni a hanya, muka bar gari da hayaƙinsa, muka shiga ƙasa mai duwatsu da jan ƙasa. Da na ga wani dutse ya yi min kama da na Rano sai da na juyar da kai don kada Yusufu ya ga idona.

Sunan tsohon Hendirik. Bature ne haifaffen ƙasar, dogo, ƙafarsa ɗaya ta lalace, hannuwansa suna rawa. Matarsa ta rasu, 'yarsa Marita ce ke tafiyar da gonar fiya da lemo daga gari, shi kuma an bar shi da gida da kare. Ya dubi tafin hannuna, ya ga kanta, ya nuna min ɗaki a bayan gareji. Ni Baba nake ce masa, don bakina ba zai iya kiran sa'an mahaifina da sunansa ba. Bai taɓa tambayar ma'anarsa ba, amsawa kawai yake yi.

Ba mai magana ba ne, amma yana lura. Da ya ga ba na taɓa naman da aka aiko min daga kicin, washegari sai ga sabuwar tukunya da kaza mai rai a ƙofar ɗakina, da wuƙa a gefe. Wata rana ya gan ni ina salla ina fuskantar gabas yadda na saba a gida. Ya jira na sallame, ya zo da ɗan agogon da ke nuna kusurwoyi, ya juya ni wajen arewa, ya ce daga nan Makka tana can. Tun da na sauka a ƙasar, ranar na fara barci ba tare da takalmi a ƙafata ba.

A ƙasan gidan akwai ƙaramin dam. Gefen da ke kusa da gida wani lungu ne marar zurfi, ciyawa ta cinye shi ƙurmus: bado a sama, wata doguwar ciyawa mai laushi a ƙarƙashi, ga rassan itace da suka nutse. Kullum da yamma Baba zai ɗingisa ya sauka can da sandar fatsa, ya zauna a kujera, ya yi ta jefawa cikin wannan ƙazanta. Daga lambu nake hango shi. Ya jefa, ya jira, ya jawo a hankali, ya tsaya ya cire ciyawa daga zare da hannunsa mai rawa. Idan Allah ya taimake shi ya kama kifi, sai in ga ya dube shi ya mayar ruwa. Na ce a raina, ai dole, kifin da ya rayu cikin wannan ruɓa wa zai ci shi?

Duk wanda ya yi noman rani a wajenmu ya san ciyawar ruwa abokiyar gaba ce. Ita ke toshe hanyar ruwa, ita ke tara sauro da maciji. Idan ta yi yawa gayya ake kira, a dafa abinci, matasa su shiga da lauje su fitar da ita, mai wurin ya yi ta godiya. Kuma a gidanmu an koya mana cewa idan babba ya yi maka alheri ba da baki ake gode masa ba. Dubawa kake ka ga aikin da ya fi ƙarfinsa, ka yi masa ba tare da ya roƙa ba, kada ma ka faɗa masa, ya zo ya tarar.

Sai aka kai Baba asibiti a gari don a yi masa aiki a ƙafa, aka bar min gida da kare. Na ce dama ta samu. Kullum idan na gama lambu sai in tuɓe in shiga lungun da lauje da manjagara. Na yanke badon, na tono saiwarsa daga cikin taɓo, na jawo doguwar ciyawar na tara a baro, na fitar da rassan nan ɗaya bayan ɗaya. Matsattsaku suka sha jinina har suka gode Allah. Ma'aikatan gona da ke wucewa suna tsayawa su kalle ni su girgiza kai, su a zatonsu sa ni aka yi, ni a zatona mamakin ƙwazona suke. Kafin Baba ya dawo lungun ya yi fes, kana ganin yashin ƙasa. Ciyawar kuma na tara ta a bayan lambu za ta zama taki. Rabona da jin daɗin kaina irin na lokacin tun ina gida.

Ranar da Marita ta dawo da shi na sa riga mai kyau. Ya sauko daga mota da sanduna biyu, bai ko shiga gida ba ya nufi dam. Ina biye da shi ina danne murmushi. Da ya iso bakin ruwan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a kujerarsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Marita ce ta yi maganar, da ƙarfi kuma. A bakinta na ji cewa kifin da ke dam ɗin, wanda suke kira bas, cikin ciyawa yake zama, a nan yake fakon abinci, a nan 'ya'yansa ke ɓuya. Ita da mahaifiyarta suka dasa badon nan tun tana yarinya. Kifin kuma ba don ci ake kama shi ba, mayarwa ake don a sake haɗuwa. Wannan lungu shi kaɗai ne inda ƙafar tsohon ke iya kai shi, shi ne abin da ya rage masa a duniya, ni kuma na share shi kamar tsakar gida. Ta ce dama hankalinta bai kwanta da zaman mutum marar takarda a gonarta ba. In haɗa kayana, Yusufu zai zo ranar Juma'a.

Na durƙusa a gaban Baba yadda ake yi a gida, na rasa Turancin da zan yi bayani da shi. Abin da ya fito kawai shi ne, "Taimako na so in yi." Na san abin da ke jirana: benen nan, katifar nan, da motar 'yan sanda.

Bai dube ni ba. Ya ce wa 'yarsa, "Shi ya cire, shi zai mayar. Ranar da na kama kifi a lungun nan, ki sallame shi."

Ta ce ya yi mata alkawari. Ya ce ya yi. Kowa a gonar ya san tsohon ba ya magana biyu.

Haka na zama mai dashen ciyawa. Can ƙarshen dam ɗin, inda rafi ke shigowa, akwai sauran bado da ciyawa. Sai in tuƙa kwalekwale in je in tono da saiwa da taɓonta, in kawo lungu in dasa layi-layi, ruwa iya ƙugu, kamar yadda muke dashen shinkafa idan mun je ƙwadago Kadawa. Na mayar da rassan da na fitar, na ɗaura musu duwatsu suka nutse. Da na gaji da ɓoye-ɓoye na kira Yaya Sale na faɗa masa komai, tun daga mai jar hula.

Sai ya ce, "Tsaya, Sabi'u. Yanzu aikin me ka ce kana yi?"

"Dashen ciyawa, Yaya."

"Ciyawa dai ciyawa? Wato jirgin sama ka hau ka tafi dasa abin da muke biyan mutane su cire mana?"

Ya yi dariya har da tari, na ji yana kiran matarsa ta zo ta ji. Da ya lafa sai ya ce, "To Allah ya sa ta kama. Kada ka sa batun shanun nan a ranka, ka ji ko? Inna kuma bar ni da ita." 

Tunda lungun ya mutu, sai ya zama ni ke ɗaukar Baba in sa a kwalekwale in kai shi ƙarshen dam. Da farko ba ya yi min magana sai da yatsa. Amma rawar hannunsa ta ƙaru, ya kasa ɗaura ƙugiya, dole ya koya min. Ya buɗe akwatinsa na ga tana iri-iri, baƙa da ja da koriya, duk na roba, masu laushi kamar na gaske. Na yi mamakin kifin da za a yaudara da roba, ga tana ta Allah cike da lambu. Ya nuna min yadda ake soka ƙugiya ta kan tanar, a fito da ita, a juya, sannan a binne tsininta a cikin jikin robar. Idan tsinin a ɓoye yake, tanar za ta ratsa ciyawa sumul ba ta kama komai ba. Sai kifi ya haɗiye, ka fizga da ƙarfi, sannan tsinin ya fito.

Sauran aikin haƙuri ne. Ka jefa a ɗan ramin da ke tsakanin ganyen bado, ka bar ta ta nutse, ka ɗaga sanda kaɗan, ka sake bari. Masuntan dam ɗin Tiga da nake gani a kasuwar Rano da karfasa cike da kwando da sun gan mu da sun ce ba mu da aikin yi. Ni kaina na sha fizgar ciyawa ina ihun na kama. Baba ya ce in daina sauraron hannuna, in kalli zare. Ciyawa nauyi kawai gare ta, tana nan inda take. Kifi kuwa zai ɗan ƙwanƙwasa, sannan ka ga zare ya kama tafiya gefe shi kaɗai.

Ranar da na kama na farko, wani kore mai baki kamar kwarya, na riƙe shi ina lissafin yadda zai yi a miya. Baba ya nuna min ruwa da haɓa. Na sake shi raina bai so ba, na ce masa a garinmu wanda ya yi haka sai an kai shi wurin malam. Ranar na fara jin dariyarsa.

Daga nan hira ta buɗe. Ya tambaye ni yadda muke ban ruwa, na tambaye shi matarsa. Idan la'asar ta yi, shi ke tuna min, in tuƙa mu gaɓa ya jira ni da karensa. Da azumi ya zo ya daina cin abinci a gabana. Na daina jin kaina baƙo, kuma a nan wata damuwar ta same ni. Kullum da safe ina duba dashena. Rabin zuciyata, ta manomi, tana murna idan na ga sabon ganye ya ɓullo. Ɗaya rabin tana ƙirga abin da ya rage min. Da hannuna nake gina ranar korata, kuma ban iya yin aikin da ha'inci ba, don ko na so hannun ba zai yarda ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Badon ya rufe lungun, ya yi fure. Ƙananan kifaye suka dawo, na fara ganin ruwa yana motsi da sassafe a gefen rassan nan. Ban faɗa wa kowa ba. Amma Marita ta zo wata Lahadi ta tsaya a bakin ruwan, ta ce ya yi kyau, har ya fi na da. Ta faɗe shi ba da faɗa ba. Sannan ta tuna wa mahaifinta alkawarinsu, ta shiga mota.

Da yammar ranar Baba ya ce ba za mu shiga kwalekwale ba, in kai masa kujerarsa lungu. Na kai. Ya zaɓi baƙar tana ya miƙo min. Na ɗaura ta yadda ya koya min, na binne tsinin da kyau, na duba kaifinsa a farcena. Na yi bismilla na ba shi, na koma gefe na tsuguna.

Jifa ta farko ba komai. Ta biyu ya sauke ta daidai bakin wani reshe, ko ƙara ba ta yi ba. Ya bar ta ta nutse. Ya ɗaga sanda kaɗan.

Na ga zaren ya yi tsalle sau ɗaya. Sannan ya miƙe ya kama tafiya gefe, a hankali, yana ture ganyen bado. Ba ƙaramin kifi ba ne. Duk zaman da na yi da tsohon nan ban taɓa ganin ya kuskure irin wannan ba. Na fara tunanin a wace jaka zan sa tukunyata.

Baba ya kalli zaren, ni ma ina kallo. Ya sauke bakin sandar ƙasa kamar mai shirin fizga. Sai ya tsaya a haka. Zaren ya yi ta tafiya har ya kusa tsakiyar lungun, sannan ya saki, ya kwanta a kan ruwa. Ya naɗo shi a hankali. Tanar ta fito a tauje, wutsiyarta ta tafi, tsinin ƙugiyar yana nan a binne inda na sa shi.

Ya juya ta a tafin hannunsa mai rawa, ya miƙo min ba tare da ya dubi fuskata ba.

"Ciyawa ce," in ji shi. "Sa wata."

Na karɓa. Sai da na goge idona da hannun riga kafin na iya ganin ramin ƙugiyar.

Na ƙara shekaru a gonar kafin in dawo Kibiya, ni na riƙa ɗaga shi ina kwantarwa a ƙarshe. Har Allah ya karɓi ransa ba a sake kama kifi a lungun nan ba. Ciyawa dai ta cinye mana tana ba adadi.